Kunyar Yaya Kubura

Ban taɓa zama da mace mai taurin kai irin Yaya Kubura ba. Faccalata ce: mijinta, marigayi Kalilu, shi ne wan maigidana, kuma gida ɗaya muka zauna a Dutsi tun ranar da aka kai ni, murhuna yana kallon nata. 'Yar Zango ce, ƙarama, baƙa, ba ta da jiki, amma in ta kama taɓarya sai ka ji ƙasa tana amsawa. Daddawa take yi, har daga Mai'adua mata ke aikowa a saya musu. Ba ta gulma, ba ta ƙorafi, ba ta cin abinci a gaban mutane. An ce kakarta Bafulatana ce, ni kuwa na ce duk filakon zuriyarsu a kanta aka juye shi, ba a rage wa kowa ba.

Kunyar ɗan fari kowa yana yi. Ni ma na yi: har yau ban faɗi sunan babban ɗana ba, kuma da yana jariri ban taɓa yi masa wasa a gaban surukai ba. Amma in ya faɗi ina ɗaga shi, in ya yi zazzaɓi ina taɓa goshinsa. Ta Yaya Kubura daban ce. Tun da ta yaye nata ɗan farin ba ta ƙara taɓa shi ba, ba ta zama inda yake, in zancensa ya zama dole sai ta ce “mutumin Goggo”. Da lafiyayye ne ba wanda zai damu, sai ma a yaba mata. To, ba lafiyayye ba ne.

Sama'ila aka raɗa masa, amma duk gari Nagoggo ake ce masa, domin daga yaye Goggo Yelwa ta ɗauke shi. Ita ce babbar yayar mazajenmu, ba ta taɓa haihuwa ba, aure ya ƙi ta ita ma ta ƙi shi, ta dawo gidan ubanta ta zauna. Yana ɗan shekara huɗu sanƙarau ya shigo gari. Ya bar shi da ransa, amma ya tafi da jinsa, ya tafi da ganinsa sai ɗan haske-haske. Ƙafafunsa suka ƙandare, hannun dama ya lanƙwashe, wuya ya daina tsayuwa, 'yar maganar da ya fara ta koma ciki. Mafi wahala duka haɗiya. Ko ruwa aka ba shi ba daidai ba sai ya ƙware, ya yi ta tari har idanunsa su yi ja. Lokacin da aka kawo ni gidan ya fara zama saurayi.

Ban san yadda wasu garuruwa ke yi da irinsa ba, amma a unguwarmu Nagoggo na kowa ne. Ba wanda ya zauna ya raba aiki, haka nan kowa ya ɗauki abin da ya iya. Mati wanzami yana zuwa ranar Juma'a ya yi masa aski ya yanke masa farce, amma sai ya fara ɗora hannun Nagoggo a kan zabirarsa don ya san wanda ya zo. Adama ungozoma ke murza masa gaɓoɓi da man kaɗanya, tana juya shi kada kwanciya ta yi masa gyambo, tana yi tana masa faɗa kamar yana jin ta. Maigidana da maƙwabta su ke yi masa wanka, kuma in sun dawo gona su ciccibe shi zuwa zaure ya jingina da wanda ke kusa, ya zauna cikin maza 'yan'uwansa. Hussaina, wadda danga ce kawai ta raba gidanmu da nasu, ba ta taɓa tatsar saniyarta ba ta aiko da ƙoƙonsa ba. Ni wanki ne nawa, kuma ba wankin wasa ba. Yana gane mu duka, kowa da hannunsa, kowa da warinsa. In wanda yake so ne, sai ya wage baki ya yi wata dariya mai ƙara da har a zaure ake ji. In bai yarda da kai ba, sai ya damƙe haƙora ya juyar da kai.

Abu ɗaya ne ba mu iya ba, shi ne ba shi abinci, kuma ba mu damu mu koya ba tunda Goggo tana nan. Miƙe ƙafafu take yi a tabarma, ta jingina bayansa a ƙirjinta, ta tallafe haɓarsa da hagu, ɗan ludayi a dama. Tana ba shi tana wani ɗan gurnani a ƙirji, ba waƙa ba, ba magana ba. Kunnensa ba ya ji, amma bayansa yana ji. Sukan daɗe a haka har inuwa ta tashi daga kansu.

Kunun kuwa Yaya Kubura ce ke damawa. Ita ke jiƙa gero, ita ke niƙawa, ta tace ta sake tacewa, ta zuba madarar Hussaina, ta fifita har ya yi daidai baki. Sannan ta kai ƙofar ɗakin Goggo ta dire ta ce, “Goggo, ga kununki.” Kununki! Tsohuwar da ke tauna goro da ƙuli-ƙuli da haƙoranta cif. Daga nan sai Yaya Kubura ta koma gindin rumbu ta ba su baya tana tsince kalwa. Ni da murhuna ke kallon nata na san inda wutsiyar idonta take, amma ba ni na isa in tanka ba.

Da bazarar shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makarantar boko, Goggo ta kishingiɗa bayan azahar ba ta tashi ba. Kafin a yi mata wanka Adama ta sa aka ɗauko Nagoggo, ta kama hannunsa mai lafiya ta ɗora a fuskar gawar don ya sani. Ya daɗe yana shafawa, goshi, hanci, baki, sannan ya janye hannun ya sa a hammata. Tun daga ranar ya rufe bakinsa.

Ni na fara gwadawa. Na zauna yadda na ga Goggo tana yi, na samu na ɗura masa ludayi ɗaya, ya ƙware har fuskarsa ta yi toka-toka, na tabbata na kashe ɗan mutane. Adama ta gwada, ya cije ludayin ya fasa. Hussaina ta gwada, ya juyar da kai. Malamin unguwa ya aiko da rubutu, an manta shi ma rubutun sai an haɗiye shi. Abin da ke shiga cikinsa bai wuce ruwan da muke ɗiga masa da tsumma a gefen baki ba. Mutumin da da ma ba wani nama gare shi ba, sai ga haƙarƙarinsa ana gani ta cikin riga.

Sai Zailani ya iso. Shi ne ɗan Yaya Kubura na biyu, yaron mota ne da, ya zama direba, kuɗin fetur ya tarar da shi yana kai yashi da tsakuwa inda ake gina azuzuwa, har ya sayi a-kori-kura tasa. Yaron kirki ne, yana son wansa, amma a lokacin nan kowa gani yake ba abin da ba a sayarwa a kanti. Ya sauke madarar gwangwani, da biskit, da cokula, da katifa, da keken guragu daga Kano. Katifar ta yi amfani, gaskiya. Keken ya nutse a yashin tsakar gida, yara suka maishe shi mota. Madarar kuwa mu muka shanye ta a koko, tunda wanda aka sayo wa bai buɗe baki ba.

Ya kwashe shi zuwa asibiti a Daura, ni da Adama muka bi. An yi masa ƙarin ruwa, ya ɗan farfaɗo. Suka sa masa roba ta hanci don abinci ya wuce, ya fizge. Aka mayar, ya sake fizgewa har jini. Likitan ya yi iya ƙoƙarinsa, daga baya ya ce ba wani ciwo a jikinsa da allura za ta warkar, mu koma gida mu nemo wanda zai yarda ya ci a hannunsa. Muka dawo. Uwar tana gindin rumbu. Ba ta tambaye mu yaya mai jiki ba, cewa ta yi, “Kun dawo? Ya hanya?”

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ta iya. Shekara da shekaru tana kallon Goggo ta wutsiyar ido, ba motsin da ba ta haddace ba. Duk lokacin da ɗayanmu ta zauna gwadawa, sai Yaya Kubura ta tashi ba kaji tsaba, ta kama yi musu magana. Wai ita dai ba ta taɓa ganin inda ake cika ludayi fal ba. Wai mutane ba su san ana tallafe haɓa a ɗan sunkuyar da kai ba, sai su ɗaga shi sama kamar za a yanka rago. Wai ai sai an ji maƙogwaro ya motsa a ƙarƙashin yatsa kafin a ƙara. Duk kajin take faɗa wa. Mu bi abin da kaji suka ji, mu gyara zama, mu rage ludayi, Nagoggo ya shinshina ya damƙe baki. Ba yadda ba a yi da ita ba. Adama ta lallashe ta. Maigidana ya tsaya daga nesa ya yi mata nasiha. Malam ya aiko cewa addini bai san wannan kunya ba, ta ce Allah ya saka wa Malam da alheri, ta ci gaba da tsince kalwarta.

Ganin haka Zailani ya ce zai kai shi Kano, an ba shi labarin wani gida da ake kula da masu irin larurarsa, da ma'aikata da komai. Ya shimfiɗa wata katifa a bayan mota tun da hantsi. Adama ta leƙa Nagoggo, ta ɗaga fatar idonsa, ta matso kusa da ni ta ce ƙasa-ƙasa wannan ko Kazaure ba zai kai ba. Na waiwaya na ga Yaya Kubura ta dama kunu kamar kullum, ta tace, ta fifita, ta kai ƙofar ɗakin da ba Goggo a ciki ta dire, ta koma wurinta. A nan haƙurina ya ƙare. Gidan cike yake da mata 'yan dubiya, ban damu ba, na je na tsaya a kanta.

Na ce, “Yaya, tun da nake ban taɓa ɗaga miki murya ba, yau kam sai ki yi haƙuri. Ɗan nan naki ne. Ke kika ɗauki cikinsa, nononki ya sha. Goggo ta tafi, surukan da kike jin kunya duk suna ƙasa. Mutuwa zai yi, ke kuma kina nan kina yi wa kaji wa'azi. In ya mutu, wa zai zo ya ce miki sannu da kunya?”

Na zaci za ta zage ni, ko ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta ɗaga kai ba. Faifan da ke cinyarta ne na ga ya karkace, kalwa tana zuba ƙasa. Da ta yi magana sai da na sunkuya kafin na ji.

“Dije, kullum sai na yunƙura, ƙafata ba ta zuwa. Da idon mutane a kaina ba zan iya ba.”

Na tsaya ina kallonta, tausayi ya kama ni, haushi ya fi shi yawa. Mutum ya kusa mutuwa, an ƙona fetur zuwa Daura, an fasa ludayi, an dami Malam, ashe abin da take buƙata mu gusa! Mu kuwa da muke ganin taimako ne, kullum sai mu ƙara cika gidan, kowa ta zo da shawararta ta zauna ta zuba ido. Na juya na ce kowace mace ta ɗauki mayafinta, Hussaina tana kiranmu. Hussaina da ke zaune a wurin ta buɗe baki za ta ce ba ta kira kowa ba, Adama ta take mata ƙafa. Na kori yara, na leƙa zaure na ce wa maigidana ko Sarki ne ya zo kada ya wuce ƙofa. Zailani ya fara cewa rana tana yi, na ce ya je ya zauna a motarsa.

Muka cunkushe a rumfar Hussaina, ga zafin bazara, ga waken da na bari a wuta ina jin ƙaurinsa. 'Yar Hussaina ta lallaɓa za ta leƙa ta danga, Adama ta jawo ta da kunne. Da farko ba mu ji komai ba. Can muka ji tari, mai tsawo, har na miƙe, Adama ta riƙe mini zane. Sai shiru. Sai kuma tari, gajere. Daga nan muka fara jin wannan ɗan gurnani yana ratso danga, ba irin na Goggo ba, ya fi shi siriri, yana yankewa yana dawowa. Ba wadda ta dubi wata a cikinmu. Mun zauna har aka kira azahar.

Da muka koma, da tari da gyaran murya tun daga ƙofa, tana gindin rumbu ta ba da baya. Nagoggo yana kan katifarsa yana barci, an share masa baki. Kunun bai ƙare ba, amma ya yi ƙasa sosai. Gaban zanenta kuwa jagab yake, har wuyan riga. Na ɗaga ƙoƙon na dube ta. Ta ce akuya ce ta sa baki. Awakin gidan duk suna turke, ita da kanta ta ɗaure su da safe. Na ce to, Allah ya yi wa akuyar albarka, na tafi kankare tukunyata. Zailani ya shigo ya daɗe tsugune a kan wansa, sannan ya fita ya sauke katifar da ya shimfiɗa a mota.

Kada wani ya ɗauka daga ranar ta sauya. Ko kusa. Haka muka ci gaba, safe da rana da yamma. In ta dire ƙoƙo a ƙofar ɗakin Goggo ta ƙwanƙwasa ludayi a bakinsa, kowa ya san Hussaina tana kira. Mun fita cikin ruwan sama, na fita da tsohon ciki, na fita na bar tuwo a kan tuƙi ya yi gudaji. Baƙi in sun zo sai a tashe su tsakiyar gaisuwa, a ce su zo su ga saniyar maƙwabta. Ranar sunan 'yata, gida cike, ana tsakiyar kiɗan ƙwarya, ludayi ya yi ƙara, muka kwashi ƙore da jaririya, har da ni maijego, muka koma gidan Hussaina. Daga baya maza suka gaji da zagayen da muke yi, suka yanka ƙofa a dangar. Ba ranar da ban yi mita ba, kuma da ƙarfi nake yi don ta ji. Ba ta taɓa amsawa ba, domin a wurinta ba abin da ke faruwa.

Adama ta ce kada mu sake yin wautar da muka yi da Goggo, dole wata ta koya. Na je na roƙi Yaya Kubura ta nuna mini, ta ce me za ta nuna, ita da ba ta ba kowa abinci. Sai da na koma zama kusa da kaji. Da haka dai, a hankali, Nagoggo ya yarda yana karɓar ruwa da ɗan farau-farau a hannuna, amma kunu sai akuya. Ya mayar da jikinsa, dariyarsa ta dawo, maza suka ci gaba da ɗaukarsa zuwa zaure, Mati ya ci gaba da zuwa da zabirarsa.

Da daminar shekarar da aka dawo da siyasa, ciwon haƙarƙari ya kama shi. An kai shi Daura an dawo, Allah bai yi zai tashi ba. Da safe aka kai shi makwancinsa, kuma an ce rabon Dutsi da ganin jama'a a jana'iza haka an daɗe. Mata suka cika gidan maƙil. Yaya Kubura tana zaune a gefe, ido a bushe ƙamas, kamar gaisuwar wani ta zo. Duk wadda ta durƙusa ta ce mata ya haƙuri, sai ta ce a yi wa Zailani, ko a yi wa Dije, ita ta sha wanki. Ni da nake kuka da majina, ji na yi kamar in ɗauki muciya. Ɗan da ta rungume a ƙirji shekaru, ko hawaye ɗaya ba za ta bari a gani ba.

Rana ta take, lokacin kununsa ya yi. Ba ƙoƙo, ba ludayi. Adama ta dube ni, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta yafa mayafinta. Na bi ta. Matan unguwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya, baƙin da suka zo daga Zango ba su san dalili ba, aka kama hannunsu. Muka bi ta ƙofar danga, muka bar mata gidan.

Ba mu gama zama ba muka ji ta. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Hussaina ta tura yara waje. Sauranmu muka sunkuyar da kai, ba wadda ta ce a je a ba ta haƙuri.

Sai da ta yi shiru, muka ƙara ba ta lokaci, sannan muka koma da gyaran muryarmu. Ta wanke fuska, ta gyara ɗankwali, tana zaune inda muka bar ta. Na zo wucewa ta gabanta, ta kama gefen zanena, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta dube ni ba.

Ta ce, “Dije, gobe ba sai kun fita ba.”